Gado Ɗaya a Jirgin Masunta

Ranar da Virtue ta ce ta samu aikin nas a wani wuri mai suna Tristan da Cunha, na buɗe taswira a wayata na yi ta jan teku da yatsa har na gaji. Ruwa, ruwa, ruwa, can sai ga wani ɗigo kamar kashin ƙuda tsakanin Afirka da Kudancin Amurka. 'Yan tsibirai ne, duk duwatsu masu aman wuta, kuma ɗaya ne kawai yake da gari, mutanensa ba su kai ɗari uku ba. Babu filin jirgin sama. Sai ka tashi zuwa Cape Town, daga nan ka shiga jirgin ruwa ka yi kusan mako guda kana lilo. Na ce mata, "Duk asibitocin Birmingham da Manchester ba su ishe ki ba, sai kin je bayan duniya?" Ta yi dariya ta ce shekara biyu ce kawai.

Shekara biyun nan ba ta ƙare ba har yau. Ta auri wani ɗan garin mai suna Ethan, masunci ne, mai kunya da yawan murmushi a waya. A watan Mayun bana ta haifi namiji, suka sa masa Jabez. Yaron ma da gaggawarsa ya zo, bai jira jirgin da zai kai uwarsa asibitin Cape Town ba, a can tsibirin aka haife shi.

Virtue 'yar yayata Scholastica ce, kuma 'yar farinta. Mu mutanen ƙauyukan Malumfashi ne, Kiristoci tun kakanni, amma kunyar ɗan fari ba ruwanta da coci ko masallaci. Yaya ba ta kiran sunan Virtue, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ba ta yaba mata a gaban mutane, ba ta rungumarta, idan an kawo zancenta sai ta kama gyaran ɗankwali. Haka innarmu ta yi wa Yaya, kuma ba wanda ya taɓa cewa ƙiyayya ce. Ni ce nake yin abin da ya rage: ni na yi guɗa ranar da Virtue ta gama uni, ni na yi kuka a filin jirgi. Sai dai ita Virtue tana shekara biyar aka kawo ta unguwar Lozells a Birmingham, ta tashi cikin yaran da iyayensu mata ke sumbatarsu a ƙofar makaranta.

Da labarin haihuwa ya zo, ban tambayi kowa ba na fara shirin tafiyar Yaya. Ina aiki a ofishin wani babban ɗakin ajiyar kaya a Cheetham Hill, nan Manchester, aikina ke nan kullum, tura kaya daga wata ƙasa zuwa wata. Na ɗauka tura mace ɗaya ba zai gagare ni ba. Ashe ban san komai ba. Sai majalisar tsibirin ta yarda kafin ka sa ƙafa. Sai takardar likita, sai inshorar da za ta ɗauko ka idan ciwo ya kama ka a can. Jiragen da ke zuwa a shekara ba su da yawa, mafi yawansu na kamun kifi ne, kuma gadajen fasinja a cikinsu 'yan kaɗan ne, 'yan garin da suka je asibiti su ake fara ba. Na yi faɗa da mai karɓar waya a wurin GP, likitan unguwa, na yi faɗa da kamfanin inshora har sai da abokiyar aikina ta ce in fita in sha iska. Virtue kuma ta yi ta zirga-zirga a nata ɓangaren, har aka ba mu gado ɗaya a jirgin watan Satumba.

Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham don a yi albishir ina wurin. Mun dawo daga coci, Yaya tana zaune tana gyaran alayyafo, sai ga kiran Virtue. Na jingina wayar da kwalbar manja. Ga ta nan da jariri a kafaɗa, ta rame, idanunta sun faɗa.

"Mama, they've given you a berth," in ji ta. "September. Kina so ki zo?"

Yaya ba ta ɗago ba. "Ni me zan je yi a gindin dutse mai aman wuta? Ga Antinku nan, ita ce mai son yawo."

"Mama, ke nake tambaya."

"Ya jikin uwar mijin naki? An ce tana fama da hawan jini."

Ni dariya na yi, domin a kunnena wannan amsar ta fi "e" ƙarfi. Macen da ba ta son zuwa ai cewa za ta yi gwiwa, ko sanyi, ko kuɗin jirgi. Virtue ta ce, "Okay, Mama." Ta juya mana fuskar Jabez na ɗan lokaci, sannan layin ya yanke, kamar yadda ya saba.

Na koma Manchester na ci gaba da sayayya: rigar ruwa, takalmin roba, maganin jiri. Na zauna na karanta yadda ake sauka daga jirgin, na kira Yaya na tsorata ta da gangan, don ta san abin da ke gabanta. Na ce jirgin ba ya matsowa gaɓa, nesa yake tsayawa, a sauko da tsani mutum ya bi shi zuwa ƙaramin kwalekwale, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana saukewa. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye masu zuwa."

Bayan kamar mako biyu na kira Virtue a lokacin cin abincin rana, in tambaye ta ko za su bar daddawa da kuka su shiga, tunda an ce suna tsaurara bincike kan abinci da iri. Sai ta ce, "Anti Cele, na mayar da gadon. An riga an ba wata."

Na tashi tsaye a tsakiyar ofis. Ban san da wane harshe na fara ba. Na ce mata ba ta da hankali, na ce na tsufa a kan waya saboda gadon nan, na ce wace irin 'ya ce ba ta san uwarta ba.

"I asked her, Anti. Sau biyu, kina wurin."

"Kunya ce! Sau nawa zan gaya miki?"

"Na sani. Tun ina primary kike gaya min. Mama tana sonki, kunya ce. Mama is proud of you, kunya ce. Na haihu a nan babu nawa ko ɗaya. I was so scared. Da na kira ta washegari, cewa ta yi an gode Allah, ta miƙa miki waya. Na gaji da jin son uwata daga bakin wani. Ba zan sa tsohuwa ta yi sati a teku don kawai ke kin ce tana so ba."

Raina a ɓace yake, amma ban samu inda zan kama ta da ƙarya ba. Na ce mata ta je ta shayar da ɗanta, na kashe waya, na nemi hutun washegari. Tunda faɗan bai ci a kan 'yar ba, sai in kai shi wurin uwar.

Da hantsi na isa Lozells. Na yi ta ƙwanƙwasa ƙofar Yaya, shiru. Sai na ji muryarta daga bayan gidan maƙwabciyarta, Hajiya Habibatu, 'yar Gombe, wadda suke katanga ɗaya tun zuwansu unguwar. Ƙofar lungu a buɗe take, na bi ta gefen kwandunan shara na shiga.

Abin da na gani ya tsayar da ni. An jingina dogon tsanin ƙarfe da bangon kicin. Yaya, mai shekara sittin da bakwai, wadda ba ta hawa benen bas saboda gwiwa, tana can wajen tsakiyarsa. Ta sa wandon motsa jiki na jikan Hajiya a ƙarƙashin zane, ta ɗaure zanen tamau, ga jaka a goye a bayanta. Hajiya Habibatu tana ƙasa ta riƙe tsanin da hannu biyu tana jijjiga shi.

"Girgiza da kyau, Hajiya," in ji Yaya tana haki. "Teku ba lallaɓa ni za ta yi ba."

"Maman Virtue, idan kika faɗo ni za a kama."

"Ba zan faɗo ba. Ƙara."

Hajiya ce ta fara ganina. Ta saki dariyar wanda aka kama, ta ce, "Celestina, zo ki karɓe ni, hannuna ya mutu. Tun ranar da kika ba ta labarin tsani ba ta bar ni na huta ba. Kullum da safe, da na dawo daga kai yara makaranta. Da farko mataki biyu take yi ta sauko tana kiran Yesu, ni ina salati. Jakar nan gwangwanayen tumatir ne a ciki."

Yaya ta sauko a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba ta kalle ni ba. Ta ce wai likita ne ya ce ta riƙa motsa gwiwa.

Duk faɗan da na ɗauko daga Manchester ya zube. Na so in yi dariya, na so in yi kuka, kuma dole in faɗi abin da ya kawo ni. Na ce, "Yaya, babu tafiya. Yarinyar ta mayar da gadon. Ta ce ta tambaye ki kin ce ba kya so."

Ta cire jakar ta ajiye. Ta nemi wuri ta zauna a kan bokitin da aka kife. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, duk ya yi ja saboda ƙarfen.

"To," ta ce. "Allah ya sa haka ya fi alheri." Ta roƙi Hajiya ruwa, kuma da aka kawo sai da ta riƙe kofin da hannu biyu.

Hajiya Habibatu ba ta da irin haƙurin Yaya, kuma kunyar ba tata ba ce. Ta ce in kira mata Virtue yanzu. Ta karɓi wayar ta shige kicin, amma muna jin komai ta taga.

"Virtue, ni ce Hajiyarki. Ki saurare ni, don ni na goya ki lokacin da uwarki take night shift. Kin san abin da take yi a garden ɗina?" Ta zayyana mata duka, tsani da gwangwanaye da wandon jikanta. Ta gaya mata har da abin da ni ban sani ba, cewa daren da aka ce naƙuda ta zo kafin lokaci, a falon Hajiya Yaya ta kwana a durƙushe da carbinta na coci. Yaya ta tashi daga kan bokiti ta koma gidanta, ta bar jakar a nan.

Virtue ta yi kuka har ta ba ni tausayi, ta ce za ta koma ofishin gobe da sassafe. Ta koma, amma ba abin da za su iya yi. An ba gwaggon Ethan gadon, wata tsohuwa mai suna Irene, wadda aka yi wa aikin ƙugu a Cape Town, ta yi watanni a masauki tana jiran hanyar gida. Sauran jiragen shekarar duk a cike suke. Aka ce wataƙila bayan bikin Ista. Na lissafa a raina, lokacin Jabez ya kusa fara tafiya, kuma ban san ko gwiwar Yaya ko likitanta za su sake yarda ba. Babu wanda ya yi tunanin roƙon Irene. Da wane baki za ka ce wa mara lafiya ta ƙara zama a ƙasar mutane?

Amma garin da bai kai mutum ɗari uku ba ba ya riƙe magana. Ethan ya gaya wa uwarsa labarin tsani, uwarsa ta gaya wa 'yar'uwarta a kanti, kafin mako ya zagayo ya tsallaka teku ya isa Cape Town. Ranar Juma'a Virtue ta turo min saƙo cewa Gwaggo Irene tana son magana da Mama, kuma kada in tambaye ta dalili don ita ma ba ta sani ba.

Ranar Asabar da rana muka zauna a falon Yaya, ni da ita da Hajiya. Fuskar wayar ta rabu biyu. A sama ga wata farar tsohuwa mai gajeren gashi fari fat, sandar tafiya jingine da kujerarta. A ƙasa ga Virtue da Jabez a cinya.

Irene ba ta yi dogon gaisuwa ba. Da Turancinsu mai wani irin lanƙwasa ta ce, "Ke ce mai hawa tsani?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Hajiya ta amsa mata da e.

Irene ta yi dariya har da tari. Ta ce ita ma da wannan ƙugun ba ta san yadda za ta yi da tsanin ba, wataƙila a cikin akwati za a sauke ta kamar buhun fulawa. Sannan ta daina dariya. Ta ce tana ƙaramar yarinya dutsen ya yi amai, aka kwashe su duka aka kawo su Ingila, kuma ba ta manta yadda kakarta take zama a bakin taga tana kallon inda ba gida ba. Ta ce ta san zafin nisa. Ta ce ta yi marmarin gadonta da gonar dankalinta, ba za ta ɓoye ba, amma likitan ƙashi zai ji daɗin ƙara ganinta, kuma dankali wani zai shuka mata. Jariri kuwa ba ya jira. Ta riga ta gaya wa ofis a mayar da sunan Scholastica, ita za ta bi layin masu jiran wanda zai fasa.

Hajiya ta ce, "Allahu Akbar," a hankali. Matar nan ba ta taɓa ganinmu ba. Ba ta san Malumfashi ba, ba ta san Lozells ba, kuma watanni ta ba mu daga cikin kwanakin tsufanta. Ban taɓa jin godiya ta yi min nauyi a ƙirji irin na ranar ba.

Yaya ta gyara zama. Turancinta ba laifi, ta yi shekaru tana aiki a kicin ɗin makaranta, tana faɗa da council da kanta. Amma sai ta taɓa gwiwata ta ce, "Celestina, juya mata da Turanci." Ta kafa ido a kan rabin wayar na sama, ta fara da Hausa.

"Ki ce mata na gode. Ki ce Allah ya mayar da ita gidanta da ƙafafunta, ya ba ta wanda zai yi mata abin da ta yi min."

Na juya. Irene ta gyaɗa kai.

"Ki ce mata ba ta san abin da ta ba ni ba. Yarinyar nan da ke garinsu, ita ce ta fara buɗe min ciki. Na sha wuyar haihuwarta a asibitin mishan har aka fitar da rai da ni, da aka ɗora min ita na ce ko yanzu na mutu na ci riba. A garinmu ba a faɗa. Innata ba ta faɗa min ba, ni ma ban iya ba."

Na fara juyawa. Yaya ba ta jira ni ba.

"Ki ce mata duk cikin 'ya'yana babu wadda nake kwana da tunaninta kamar ita. Ranar da ta gama karatu, a banɗakin makarantar na yi nawa kukan. Tun da ta tafi tsibirin nan, kullum sai na sa jikan Hajiya ya duba min yanayin iskar garinsu. Da aka ce ta haihu ita kaɗai, ba ni kusa in dafa mata ruwa, in gasa mata jiki…"

Nan ta tsaya. Ni ma na tsaya, don na daina juyawa tun tuni, hawaye kawai nake sharewa da gefen mayafin Hajiya. Irene ta ɗaga hannu ta ce in bar shi, ba sai an fassara mata ba.

A rabin wayar na ƙasa, Virtue ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, har Jabez ya farka ya fara nasa. Da ƙyar ta ce, "Mama, na ji. Na ji duka."

"Ni da baƙuwa nake magana," in ji Yaya, idonta na kan Irene, fuskarta sharkaf. Ta ja wayar kusa da ita, ta sa yatsa ta goge gilashin daidai wurin da fuskar 'yarta take.

"Celestina, ki ce wa yarinyar nan ta daina kuka, tana shayarwa. Ki ce mata ina zuwa."